Hajiyar da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Baba

Asabar, 2 ga Disamba, da la'asar

Yau sun shafa wa ƙofarmu jan fenti. Na dawo daga makaranta da littattafan yara a hannu, na tarar da shi yana ɗiga bai ma bushe ba. Ke nan kafin Babbar Sallah za a rushe gidan, mu sauka daga kan dutsen nan mu koma sabbin gidajen da aka gina can bayan gonakin rake. Masu kula da kayan tarihi sun ce kaburburan mutanen dā da ke ƙarƙashin gidajenmu sun gaji da ruwan wankinmu. Ni ma na gaji da su.

Baba yana zaune a kan dakali da carbinsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Na ce, "Baba, ka ga abin da suka yi?" Ya ce, "Na gani. Ba su iya fenti ba." Iyakar maganarsa ke nan. Ya haura tamanin, a ɗakin nan aka haife shi, kuma ya rantse a nan za a yi masa wanka.

Mijina Nubi, da yake gadin kaburbura shi ne aikinsa, ya shigo yana sunkuyar da kai kamar shi ya riƙe musu gwangwanin. Ya tsaya a ƙofar madafa ya ce ƙasa-ƙasa, "Intisar, Hajiya fa?" Na ce ya matsa ya tare min haske.

Litinin, 4 ga wata, bayan sallar asuba

Ban taɓa rubuta maganar Hajiya a ko'ina ba. Yau zan rubuta, don in ban rubuta ba zan faɗa wa wani.

A bayan ɗakin Baba akwai matakala da ke sauka ɗakin ƙasa, inda muke ajiye albasa da randunan ruwa saboda sanyinsa. Kabari ne, kowa ya sani, kowane gida a nan yana da irinsa. Hayaƙi ya cinye zanen bangon, sai ƙafafun shanu ake gani. A bayan babbar randa akwai ƙaramar taga a jikin dutse, nan take. Akwatin gawa ne ɗan mitsitsi, bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, na zinariya da shuɗin dutse, da fuskar mace a murfin, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Kakanmu ne ya shigo da ita tun zamanin Turawa, daga wane rami ba wanda ya taɓa faɗa. Marigayiya Inna ta naɗe ta da wani ƙyalle da ta zo da shi daga Makka, shi ne sunan ya bi ta.

Nubi ya ce ya ga irinta a wurin aiki. Wai ta matar sarki ce, kuma hantarta ko huhunta ne a ciki. Hantar wata mata da ta mutu tun kafin Annabi Musa, ita ke hana ni barci.

Rabin matan dutsen nan sun tsallake ta suna neman haihuwa. Inna ke shigar da su da rana tsaka in maza ba sa nan, kuma ko ƙwai ba ta taɓa karɓa ba. Na sha gaya mata wannan ba addini ba ne, sai ta ce in je in koya wa 'yan ajina. Duk matan nan ba wadda ta taɓa faɗa wa mijinta.

Yanzu kafin a rushe kowane gida sai wata jami'ar kayan tarihi ta shiga ta leƙa kowane rami, kuma a gindin dutse ana kwance kayan mutane ana dubawa. Wanda aka kama da irin wannan, kurkuku ne. Nubi kuma aikinsa ya tafi.

Talata, 5 ga wata, da yamma

Ƙanena Haggag ya zo da faranti cike da basbusa, kek ɗin nan mai ruwan sukari. Tunda aka haife shi bai taɓa kawo min ko dabino ba, don haka na san da magana.

Ya zauna kusa da tanda ina fitar da burodi. Ya ce, "Yaya, na san wani mutum a birni, can Luksor."

"Kai kullum ka san wani mutum."

"Wannan daban ne. Ba ya tambaya, ba ya surutu."

"Irin waɗanda kake sayar wa gumakan jabun da ka binne a kashin tantabaru don su yi kama da na dā? Je ka sayar masa da su."

Ya ce, "Ke da mijinki kuna da albashi. Ni fa? 'Ya'yana huɗu. A nan baƙi na wucewa ta ƙofar shagona. Wane Bature ne zai bi ni bayan gonar rake ya sayi tulun dutse? Me zan ba su, Yaya, siminti?"

Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba. Sai na ce ya ɗaga ƙafarsa daga kan itacena.

Ashe Baba yana ji daga ɗaki. Ya ce, "Ubana bai sayar da ita ba lokacin da muke cin ganye. Ɗauki farantinka." Haggag ya ɗauka kuwa, har da basbusar.

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Mai jakin ruwa bai hawo ba. Wai me zai wahalar da jakinsa a kan mutanen da za su tashi.

Juma'a, 8 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Maza uku, dabara uku, kuma duk ta kaina za su bi.

Nubi ya ce a jefa Hajiya a kogi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana baƙi taɓa bango da yatsa, shi ne yau yake so in shiga jirgin fito da matar sarki a jaka in sake ta a ruwa. Baba ya ce a tura ta cikin buhun gari, ba mai kwance buhun malamar makaranta. Haggag ya aiko matarsa ta tambaya ko mun yi tunani. Ba wanda ya ce, Intisar, ke me kika gani? Amma in an tashi ɗauka, ni ce mai hannu.

Kamar wannan bai isa ba, maza na fita masallaci sai ga maƙwabciyarmu Sabriyya da surukarta, yarinyar da aka kawo bara. Ta ce, "Ummu Shaima, ki taimaka kafin Hajiya ta yi tafiya."

Na ce, "Wa ya ce miki za ta yi tafiya? Ki kai yarinyar nan asibiti."

"Mun je. Sun ce ba abin da ke damunta."

"To ki ƙyale ta mana, ko shekara biyu ba ta yi ba."

Yarinyar ta fara hawaye ba sauti. Na kunna fitila na sauka da su. Na tsaya ina kallon albasa har suka gama. Na gaji, wallahi na gaji.

Lahadi, 10 ga wata, da la'asar

Jami'ar ta fara shiga gidaje. Damyana ce, 'yar Girgis mai gyaran keke a ƙauyen ƙasa. Ni na koya mata karatu a aji uku, tana zuwa da kitso ɗaya a kwance kullum. Yanzu ga ta da tocila da takalmin maza, 'yan sanda biyu na binta a baya.

Ta fito daga gidan Sabriyya ta gan ni ina shanya. Ta zo ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ce, "Malama, naku sai Laraba ta sama, ashirin ga wata. Na faɗa miki ne don ki shirya. In akwai abin da ya kamata a kimtsa, a kimtsa."

Na ce, "Albasa ce kawai."

Ta ce, "To a kimtsa albasar."

Tun ɗazu nake juya maganar nan. Ko kirki ne, ko gargaɗi, ko kuwa albasar take nufi.

Talata, 12 ga wata, bayan magariba

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba.

Baba yana asibiti a Luksor. A kan ƙyauren madafa muka sauko da shi, muka tsallaka kogi da shi a jirgin fito. Likita ya ce ƙashin ƙugu ne. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce santsi ne ya kwashe shi a matakala. Matakalar da yake sauka tun yana rarrafe.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Hajiya tana nan inda take. Ƙyallen Inna ne ya yage.

Na tsinci takalmi ƙafa ɗaya a gindin matakalar, ba na Baba ba, ba na Nubi ba. Na wurga shi kan rufi. Matar Haggag ta zo da kwanon miya ta yi ta ƙwanƙwasawa, ban buɗe ba.

Alhamis, 14 ga wata, da azahar, a asibiti

Ya ƙi cin abincinsu. Na kawo masa miyar lalo daga gida, ya ce na cika tafarnuwa, ya kuma shanye. Ya yi ta kallon silin, can ya ce, "Ina yaron?"

"Wane yaro?"

"Kin sani."

"Ban sani ba, kuma ba na nema."

Ya juyo da kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni na riƙe masa riga da zai fita da ita."

Na ce, "Baba, ina wurin."

Ya ce, "To kin ga ni na riƙe."

Na tattara kwanuka na fita baranda. Mutum yana kwance ba ya iya juyawa sai an juya shi, amma abin da ya dame shi ke nan.

Asabar, 16 ga wata, da yamma

Jarrabawar yara, jirgin fito, asibiti, jirgin fito, ɗaure kaya. 'Yata Shaima ta bugo waya daga gidan mijinta tana tambaya ko za a ajiye mata madubin ɗakinta. Nubi yana zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, in na dube shi sai ya ce, "Saura kwana nawa?" kamar ba shi da yatsun ƙirgawa.

Baba ya tayar musu da hankali a asibiti har suka sallame shi. Ya ce in mutuwa ce, ya san hanyar ɗakinsa. Likita ya ce kada ya taka ƙasa. Mun hawo da shi a kan ƙyauren nan dai, samarin unguwa suna nishi, shi kuma yana gaya musu ba su iya ɗauka ba.

Na gaji.

Litinin, 18 ga wata, da hantsi

Ban je makaranta ba. Baba ya kira ni bayan Nubi ya fita, ya ce in tura ƙofa.

Ya ce, "A ƙarshen ɗakin ƙasa, ta hannun hagu, akwai wani rami da aka toshe da duwatsu. Kin san shi?"

"Inda kunamu suke."

"Nan. Ki cire wa Hajiya ƙyallen, ki kai ta can ciki, ki rufe ta da ƙasa. Ki mayar da duwatsun, amma ki bar ɗaya a karkace yadda mai ido zai gani."

Na ce, "Daga nan Kaka ya ɗauko ta?"

"A'a. Amma can ma ba za ta rasa 'yan uwa ba."

"Baba, da ka faɗi haka tun ranar da aka shafa fenti, da yanzu kana kan ƙafafunka."

Ya juyar da fuska bango. Bai kamata in faɗa ba, amma ba zan ce ƙarya na yi ba.

Na sauka ni kaɗai. Ta fi yadda nake tsammani nauyi. Tun ina yarinya ban sake ganinta tsirara a hasken fitila ba, kullum ta cikin ƙyalle. Idanunta baƙaƙe ne, an ja musu kwalli har kusa da kunne, bakin kamar za ta yi magana ta fasa. Yarinya ce ma, ba ta kai Shaima ba. Na ja ciki na shiga ramin da jallabiyata ta gida, na tura ta, na yi ta watsa mata ƙasa da tafin hannu. Ban san me ake cewa ba a irin wannan, sai na ce mata, "Ki yi haƙuri." Na fito gwiwoyina duk sun kuje.

Na kai wa Baba ƙyallen. Ya tura shi ƙarƙashin matashi bai duba ba.

Talata, 19 ga wata, da la'asar

Nubi ya yi amai sau biyu. Shi da ba shi ya shiga rami ba.

Laraba, 20 ga wata, da azahar

Damyana ta zo da hantsi. Ta gaishe da Baba, ta tambayi ƙafa, ya ce santsi ne. Ta bar 'yan sandan a tsakar gida da shayi. Da Nubi ya ɗauki fitila zai yi mata jagora, sai ta ce, "Kawu Nubi, kai ma'aikaci ne, bai kamata ka shiga binciken gidanka ba. Zauna waje inda kowa zai gan ka. Malama ta isa."

Muka sauka. Ta haska bango, ta haska randuna, ta leƙa tagar da ke bayan babbar randa ta daɗe tana kallon wurin da ba ƙura. Ta wuce ƙarshen ɗakin, ta tsaya a kan dutsen da na karkata. Ta durƙusa ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta shiga har kafaɗa, ta fara share ƙasa da ɗan burushi.

Na ji lokacin da numfashinta ya tsaya. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta sunkuya ta shinshina.

Ta ce, "Malama, shekara dubu uku a cikin ƙasa, amma tana ƙamshin turaren wuta."

Na ce, "Albasa muke ajiyewa a nan."

Ta juyo ta dube ni. Na dube ta, irin kallon da nake yi musu a aji in na ce a rufe littafi. Bai yi aiki ba, ta girma. Ta ce, "Akwai wani kuma?"

"Babu."

"Kin tabbata? Don in na rubuta, na rubuta ke nan. Wuyana ne."

Na ce, "Na rantse da Allah babu. Ita kaɗai ce."

Ta ɗebi ƙasa ta ƙara watsa mata a fuska. Ta ce, "An same ta a ramin ƙarshe, a toshe, cikin ƙasa. Mutanen gida ba su taɓa buɗe shi ba saboda kunamu. Haka ne?"

Na ce haka ne. Ta hau ta kira 'yan sanda. Ni kuwa na zauna a kan buhun albasa.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Da na san haka za a yi, da na bi shawarar Nubi.

Tun da sassafe motoci suka cika gindin dutse. Wani babba ya zo daga Alƙahira, mai tumbi da kwat, yana toshe hanci da hankici. Aka hana mu shiga ɗakinmu. Aka sa Damyana ta mayar da duwatsun, don ya cire su da hannunsa a gaban masu ɗaukar hoto. Hasken bai yi musu ba, aka sake mayarwa, ya sake ganowa. Sun tattake min burodin da na shanya a rana yana tashi, wani ma ya zauna a kan tandata yana waya.

Wani jami'i ya shiga yi wa Baba tambayoyi. Baba ya zama kurma nan take. Duk abin da aka ce sai ya ce, "Ƙugu ne, ɗana, ƙugu." Har mutumin ya gaji ya fita.

Da la'asar suka fito da ita a akwatin katako cike da auduga, sojoji gaba da baya. Matan dutsen nan kaf sun fito sun jeru a bakin hanya da baƙaƙen mayafansu. Wasu na riƙe da 'ya'ya, wasu 'ya'yan nasu sun yi gemu. Da akwatin ya zo daidai Sabriyya sai ta rangaɗa guɗa, saura suka karɓa. Mai kwat ya ɗaga musu hannu yana murmushi, ya ɗauka shi ake yi wa.

Damyana ta raɗa min sunanta kafin su tafi, ta karanta a jikin murfin. Na maimaita sau ɗaya, yanzu ya ɓace min. Ba komai.

Sakamakon kirkinmu kuma: gidanmu ya zama wurin bincike, sai mu tashi jibi. Sauran unguwa suna da mako guda.

Juma'a, 22 ga wata, da azahar

Baba bai tambayi yadda aka fita da ita ba. Ya ji guɗar, ya ja bargo ya rufe kansa.

Asabar, 23 ga wata, bayan la'asar, a sabon gida

Motar kaya ba ta iya hawowa, a ƙasa ta tsaya. Tun asuba muke sauke kaya a ka. Samarin da suka saba taimaka mana duk suna fama da na iyayensu. Ƙyauren madafa kuma Nubi, da hikimarsa, ya riga ya tura shi a mota tun tafiyar farko. Aka bar ni da tsoho a kan katifa a tsakar gida, ɗan sanda yana duba agogo, Nubi yana riƙe da bayansa yana cewa ya gwada ɗaga Baba ne kawai ya ji wani abu ya ƙulle.

Ina cikin faɗa da shi sai na ga inuwa a ƙofa. Haggag ne. Ya rame, bai yi aski ba. Bai gaishe ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya zo ya durƙusa a gaban katifar ya juya wa Baba baya, ya tsaya a haka.

Ba wanda ya yi motsi. Ina jin numfashin Baba. Can ya ɗaga hannuwansa ya saƙalo wuyansa.

Na ce, "Likita ya ce kada a lanƙwasa ƙafar." Ban san wa nake gaya wa ba. Na bi su a baya ina tallafe da ita, tukunyar shayi a ɗaya hannun. Haggag yana taka dutsen a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, gumi yana bin wuyansa duk da sanyin nan. Baba bai waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Da muka zo kwanar gidan Sabriyya ya ce, "Bi ta hagu, dutsen nan yana motsi."

"Na sani, Baba."

"Ba ka san komai ba."

"To, Baba."

Ya bi ta hagu.

Gidan nan ɗaki uku ne da bango mai zafi, famfon kuma iska yake fitarwa. Haggag ya shimfiɗa Baba a ɗakin gaba, ya gyara masa matashi, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Na ci gaba da kwance kaya kamar ba kowa a wurin. Baba ya ce, "Intisar, ba shi shayi."

Na ce ban san inda garwashi yake ba. Ya ce in nema.

Na nema, na dafa, na miƙa masa ba tare da na dube shi ba. Ban sa masa sukari ba. Ya shanye.